Wanda Aka Miƙa wa Kyamara

Tsofaffin 'yan aji ɗaya sun taru a filin firamarensu a Argungu, kyamarar da Sama'ila ya kawo daga Birnin Kebbi tana ta yawo hannu zuwa hannu. Da aka zo hoton kowa da kowa, sai Sama'ila ya miƙa ta ga wani mutum da ke raɓe a gindin dogonyaro.

Siriri ne, rigarsa ta sha wanki har ta koɗe, dugadugansa duk faso irin na mai wuni a fadamar shinkafa. Sai da ya goge tafinsa a riga kafin ya karɓa.

"Atiku, koma baya," ya ce wa wani mai babbar riga. "Kai ad dogo tun muna aji ukku."

Sama'ila ya sake dubansa. Ashe nasu ne! Wataƙila tun asuba ya tako daga garin Gulma domin taron nan. Sama'ila yana ta laluben sunansa, sunan ya ƙi zuwa, kunya kuma ta hana shi tambaya.

"Kowa ya shiga?" in ji mutumin.

"Kowa!" suka amsa baki ɗaya.

Ya danna. Fim ɗin kyamarar ya ƙare.