Igiyar Gwaggo da Aka Yanka

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, tara ga watan jiya, ina aji aka aiko in koma gida. A bakin ƙofa Mama ta gaya mini Allah Ya yi miki rasuwa, Gwaggo, a ofishinki na jami'a, takardun ɗalibai na gabanki. Ke da kika hau duwatsun da ƙanƙara ba ta narkewa a kansu, har sanyi ya cinye miki yatsun ƙafa biyu, a ce a kan kujera kika cika. Na san ajali ne, amma abin yana ci mini rai.

Masu gaisuwa sun faɗi alherinki. Wani ya tuna zamanki a sansanin 'yan gudun hijira kina rabon magani da barguna. Wani ya ce lokacin da kike jakadiya kin zaunar da mutanen da ba sa ga maciji da juna har suka yi musabaha. Ɗalibanki sun zo da littattafan da kika rubuta. Hawan dutse kuwa ba wanda ya ambata sai Baffa, yayanki, shi ma cewa ya yi rigima ce irin taki.

Ni abin da na fi sani igiyarki ce ta hawan dutse, ja mai ratsin shuɗi, da ke rataye a bayan ƙofarki. Ba a taka ta, ba a kai wuƙa kusa da ita, don ta taɓa riƙe ki a bakin rami. Da yake littattafan soyayya sun cika mini kai, na daɗe ina raya cewa wani kyakkyawan saurayi ne ya riƙe ɗaya bakin a ranar. Da na daure na tambaya, kika yi dariya har da hawaye, kika ce wata tsohuwa ce mai giɓi, mai minshari kamar injin niƙa. Kika koya mini ƙulli, sannan kika ce, "Malama Shiru, igiyar nan taki ce. Hutun nan za mu hau dutsen bayan makarantarku, amma ba zan ja ki ba sai kin buɗe baki kin ce in ja."

Washegarin rasuwarki ana kafa wa baƙi rumfa aka rasa abin ɗauri, sai ga Baffa ya fito da igiyar yana jan ta a ƙasa. Ina tsaye da tiren kofuna. Na ga an tattaka ta, na ji ya ce ta yi tsawo, a miƙo wuƙa. Wallahi, Gwaggo, maganar tana bakina. A littattafaina a nan ne yarinya take daka tsawa kowa ya tsaya cak. Ni sai da ya yanka na iya cewa taki ce. Ya ce ya sani mana, ai lada za ki samu, in wuce in kai wa baƙi ruwa.

Haushin kaina ya fi na Baffa yawa.

Ranar da aka sauke rumfar ya ce a ɗaura guntayen a riƙa shanya. Na ajiye tire, na ce a gaban kowa, "Baffa, tawa ce. Ita ta ba ni." Ya dube ni kamar yau ya fara jin muryata, ya miƙo mini. Na wanke su, na haɗa su da ƙullinki, na mayar bayan ƙofa. Ke kika gaya mini yankakkiyar igiya ba a sake ba ta amanar rai. Na yi magana, Gwaggo, amma bayan wuƙa.

Allah Ya jiƙanki, Ya gafarta miki, Ya haskaka makwancinki, Ya sa Aljanna ce makomarki. Ina yi wa Kaka da Baba da Baffa da ɗalibanki ta'aziyya, Allah Ya ba mu haƙuri. Da tsohuwar nan mai giɓi, in tana raye, wadda ta riƙe ba ta saki ba.