Inna da Mijinta Marar Cefane

Shekara goma sha biyu ke nan da rasuwar mahaifiyata, wadda duk unguwarmu a cikin birnin Zariya ke kira Inna. Ni ne ɗanta na fari, don haka har ta koma ga Allah ban taɓa jin sunana a bakinta ba. In tana nemana, sai ta dubi bango ta ce, "A ce wa wancan ya zo." Amma wannan mai kunyar, da an miƙa mata jika, sai baki ya buɗe kamar rediyo.

A ɗakinta 'ya'yana duka suka koyi magana. Ina tuna babbansu, Sadik, tun bai iya zama sosai ba. Za ta jingina shi da matashi tana tsince shinkafa, ta fara wasan kaka da jika: "Maigida, yau ma ba cefane? Haka ake riƙon mace?" Daga nan sai ta yi tsit, ta zuba masa ido. Mu muna dariya, ita tana jira. In ya yi gwalantunsa sai ta ce, "Au, haka ka ce? To, na ji, Allah ya hore."

Na taɓa ji tana faɗa wa matata dalili. Ta ce, "Yaro yana da amsa, nemanta yake yi. In kun cika shi da surutu ba ku saurara ba, yaushe zai samo ta? Neman nan ai shi ne tunanin."

Bana maganar ta dawo mini. Sadik ya yi aure, yana zaune a Tudun Jukun, kuma 'yarsa Hanifa ta kusa shekara uku ba ta haɗa kalma biyu ba. Hankalinmu ya tashi ƙwarai, har aka fara cewa ko ba ta ji ne. Likita ya duba kunne ya ce lafiya lau, a riƙa yi mata magana kawai. To wa zai yi? Uban yana ofis. Uwar kuwa, duk da bokonta, kunyar 'yar fari take yi, musamman a gabanmu. Sai a miƙa wa yarinya waya ta yi ta kallo. Da Inna na raye, na san abin da za ta ce wa wayar nan: mai surutun da ba ta taɓa jiran amsar kowa ba.

Sai na lura kujerar Inna ba kowa a kanta, kuma ni ne kakan yanzu. Na ce a riƙa kawo mini Hanifa ran Asabar. Ni ɗin da ɗalibaina suka sani da ɗaure fuska, na koma zama a tabarma ina cewa, "Amarya, ina tuwona? Yunwa za ki kashe ni da ita?" Sai in kama bakina. Wallahi shirun nan ya fi maganar wuya. Makonni ta yi tana kallona kamar na zautu.

Wata Asabar ita da uwarta suna sauka daga keke napep na tare ta a zaure da tambayata. Ta tsaya, ta ɗaure fuska irin tawa, ta ce, "Babu. Ka ci jiya."

Uwar ta manta da kunya ta rungume ta. Ni kuwa dariya na yi har da hawaye. Ashe yarinyar ta san jiya daban, yau daban, ta kuma san ta inda za ta kore ni.

Inna ba ta bar gona ko gida ba. Ta bar mana wannan ɗan shirun bayan tambaya, kuma yana aiki har yau. Allah ya jiƙanta da rahama. Ita ba ta taɓa kiran sunana ba, amma makon jiya Hanifa ta leƙo zaure ta kira shi gatsau, ba ko Malam. Na amsa da sauri.