Hula sittin da idona na hagu

Assalamu alaikum, 'yan uwa. Kusan shekara guda ban sa hoton ko hula ɗaya a shafin nan ba. Wasu sun yi cigiya, wasu sun ce Hadiza ta yi kuɗi ta manta da mutane. Ban yi kuɗi ba. Ido na rasa.

Ga waɗanda ba su san ni ba, saƙa nake yi a gidana nan Damagaram, da ɗan injin nan mai zagaye da ake murzawa da hannu. Huluna da safar jarirai, launi biyu ko uku. Zare biyu kike riƙe, wannan allura ki ba ta ja, ta gaba ki ba ta fari, ɗaya zaren ki bi da shi ta baya, kina murzawa a hankali. In kin yi kuskure ba ki sani ba sai saƙar ta sauko ta ƙarƙashin inji, layi ashirin sun wuce.

Bara da damina wata mata ta dawo mini da hula. Shuɗi da fari ta ce, na cusa mata kore a tsakiya. Na tafi kasuwa na wanke mai zare tas, na ce rininsa ne na banza. Bawan Allah, ka yafe mini.

Daga nan komai ya koma kamar ina dubawa ta cikin hayaƙin murhu. Ga ƙishirwa, ga yawan fitsari, ga rama. Maigidana Malam Bukar ya ɗauke ni a kabu-kabu zuwa asibiti. Aka yi analiz, wato gwajin jini, likitan ido ya haska ni.

Ya ce, "Madam, yana ce a ido biyu, suga ne ya kawo ta. Ba zan taɓa ki ba sai sugan ya sauka. Randebu, ki dawo nan da wata uku."

Wata uku! Sanyi ya zo ya wuce ke nan, kuma mai saƙa ba ta da kasuwa sai ta sanyi. Ga wata 'yar kasuwa a Takieta ta sa ni hula sittin masu launi uku, aikin da ban taɓa samun irinsa ba.

Sai Gwaggo Falmata, ƙanwar mahaifina, ta zo daga Tirmini. Ta ce, "Ke 'yar nan, akwai mai sakiya a wani ƙauye gabanmu. Yau ya taɓa ki, gobe kina zura allura."

Malam Bukar ya ce, "Hadiza, ki jira likita. Ban yarda ba."

Na ce to. Ranar da ya yi tafiya na ce wa maƙwabta barka za ni.

A zaure mutumin ya zaunar da ni, Gwaggo ta riƙe kaina. Ya ɗiga wani ruwa, ya sa tsinken ƙarfe ya tura yanar can cikin idon hagu. Wallahi nan take na ga jan zanen Gwaggo, ja sosai. Na yi ta kuka ina sa masa albarka. Har na ce ya yi mini na dama, ya ce sai mako mai zuwa.

Kwana uku, ciwo ya tashi. Idon ya kumbura, ina amai, kaina kamar ana dakan gero a ciki.

Da aka mayar da ni asibiti, likita ya ɗaga fatar idon. Ya ce, "Wa ya taɓa idon nan?" Malam Bukar na tsaye yana jiran amsar shi ma.

Kwana tara a gado. Ƙarin ruwa, allura safe da yamma, a soki yatsa a auna suga. Kowace ordonansi, wato takardar magani, ta zo sai an sayar da wani abu, har zaren da na tara wa hulunan nan. A rana ta tara likita ya ce na hagu ya tafi, ba zai dawo ba.

Na yanke ƙauna, ba zan ɓoye muku ba. Da an ce ƙaddara ce sai in ji kunya, don ni na kai kaina da ƙafata. Na sa aka rufe injin da tsohon zane. Akwai ranakun da na ƙi shan magani, ina cewa amfanin me. Matar Takieta ba ta samu hula ko ɗaya ba.

Malam Bukar bai taɓa yi mini gori ba. Da ma ya yi, da na fi samun sauƙi.

Da sugan ya sauka aka yi wa na dama operasiyo, wato tiyata. Ina kwance ina ta addu'a, don shi kaɗai ya rage. Washegari aka cire bandeji, na ga fuskar ma'aikaciyar jinya har da ɗigon tawada a aljihun rigarta.

Yanzu na koma kan inji. Amma ido ɗaya ba ya auna nisa. In kai zare bakin allura, ashe gefenta na kai. Da ina sauke hula shida mai launi a yini, yanzu guda ɗaya, ita ma sai na warware sau biyu. Wani lokaci in ajiye in yi kukana, in goge in ci gaba.

Na gode wa Allah da ya bar mini ɗaya. Na gode wa likitan da bai kore ni ba, da Malam Bukar, da maƙwabtan da suka yi ta kawo mini miya ba tuwo saboda sugan. Gwaggo ma na yafe mata, alheri ta nufa.

'Yan uwana masu saƙa da ɗinki, in launi ya fara rikice muku, ku je a auna suga, a duba ido. Kada ku bari kowa ya sa muku ƙarfe a ido a zaure. In likita ya ce ku jira, ku jira, ko da aikin shekara zai wuce ku.

Ni wata uku na kasa jira. Yanzu in 'yata ta tsaya a haguna, sai na juya kaina gaba ɗaya nake sanin tana nan.