Lissafin Tashinmu Zuwa Sabon Birni

Bayan an gama yankan hatsi a shekarar, 'yan bindiga sunka sake ɗora wa ƙauyenmu haraji. An biya na damina, ga kuma na kaka. Ƙauyen ƙarami ne, a yankin Tsamaye, kuma tun kafin wannan lokacin gidajen da ke bakin gari sun fara zama kango. Maigidana ya dawo daga wurin taron tara kuɗin, ya zauna bakin rumbu, ya ce mini, "Tashi za mu yi. Ran kasuwa za ni shiga Sabon Birni in nemi ɗaki."

Ban yi gardama ba. Yaranmu ƙanana ne, ga kuma Inna, mahaifiyarsa, wadda ƙafafunta sun daina ɗaukarta sai da sanda.

Ya je ya dawo da labarin ɗakuna biyu a wani gidan haya. Mai gidan na son kuɗin shekara gaba ɗaya. A tsakar gida munka zauna lissafi, ni ina sussuka, shi yana lanƙwasa yatsu. Kuɗin haya, kuɗin kabu-kabu, don mota ta daina shigowa wajenmu, sai abin da za mu ci har ruwa ya sauka. Na ɗauka an gama, sai ya ce, "Saura ruwan sha da icce."

Na dakata da taɓarya. "Ruwa kuma?"

"Can saye akai. Jarka-jarka. Icce ma haka."

Ni da na tashi rijiya na bayan gidanmu, kara na jibge a gona, sai na ji kamar an ce za mu riƙa sayen iska. Abin da muke da shi kuwa a fili yake: hatsin rumbu, awaki, gadon ƙarfena na aure, da kwanon rufin ɗakunanmu wanda maigida ya yi rani biyu yana cin-rani kafin ya iya sayensa. A wannan ranar lissafin ya fita, har da ɗan saura.

Abin da ba mu hango ba shi ne ba mu kaɗai muke lissafi ba. Rabin gari tashi yake son yi. Kowa ya fito da hatsi da dabbobi a lokaci guda, masu saye kuwa ba su da yawa, kuma sun san halin da muke ciki. Akuyar da aka taya da daraja kafin kaka, sai dillali ya ɗaga leɓenta ya duba haƙora, ya faɗi kuɗin da ya sa na juya fuska. 'Yan kabu-kabu kuma sunka ninka kuɗinsu. Ban ga laifinsu ba, don an sha tare su a hanya a ƙwace babur, wani ma ba ya dawowa. Duk kasuwar da ta ci, abin hannunmu ya rage daraja, abin da muke nema ya ƙara tsada. Mukan sake zama, mu sake lanƙwasa yatsun nan, mu cire wani abu. An cire gado. An cire turmi, domin ɗaukarsa ya fi sayen sabo tsada. An rage buhunan hatsi, tun da kowane buhu sai an sayar da wani sashensa a biya kuɗin kai shi.

Inna na jinmu daga inuwar da take zama. Wata rana da hantsi ta kira ɗanta.

"Babur nawa kac ce za a ɗauka?"

Ya faɗa mata, ya ƙara da cewa nata daban ne, saboda sai an sami mai riƙe ta a baya.

"To ku hidda ni cikin lissahin ga," ta ce. "Kuɗin babur ɗina ku ɗora buhu. Ni in na tsaya nan, mi 'yan bindiga za su yi da ni? Tiya guda ta hatsi ta ishe ni kwanaki."

"Inna, ki bar wagga magana."

"Ba hushi ni kai ba. Na dai ji kuna ta cirewa, na ga ni kaɗai na rage ba ku cire ba."

Ya tashi ya fita. Da ya dawo da guduma ya dawo. Ya hau katanga ya fara zare ƙusoshin rufi. Tun farko mun yi shawarar barin kwanon, don in Allah Ya kawo sauƙi mu sami inda za mu komo. Na tsaya a ƙasa ina karɓar falle-falle, rana na shiga cikin ɗakin da na haifi 'ya'yana duka. Wanda ya saye shi ya riƙa nuna mana ramukan ƙusa yana rage kuɗi, kamar akwai kwanon da ake rufi da shi ba a huda ba.

Da maigida ya kai kuɗin hayar, ya tarar mutanen wasu ƙauyuka sun riga shi. Mai gidan hayar ya ba wasu ɗaki ɗaya, ɗayan kuma ya ƙara masa kuɗi. Bai yi masa rashin mutunci ba, ya ce shi ma iyali gare shi kuma masu nema sun yi yawa. Maigida ya biya na ɗaki ɗaya da kusan abin da munka tanadar wa biyu.

Ranar tashi na hau babur bayan Inna, na ɗaure mu da zane ni da ita. Jikinta ba nauyi. Ba ta waiwaya ba har munka bar gari, ni ce na waiwaya. Duk inda hanya ta shiga duhuwa mai babur yakan ƙara wuta, in ji tana salati ƙasa-ƙasa.

Mun isa lafiya. Ni da yara da Inna munka shige ɗakin, maigida ya riƙa kwana a zaure tare da sauran magidanta irinsa. Hatsin da munka yi zaton zai kai mu damina ya ƙare tun ana tsakiyar bazara, don da shi nake musayar ruwa da icce da maganin Inna. Na gwada tuyar ƙuli-ƙuli, sai na tarar kusan kowace mace a layin abin da take yi ke nan, kuma dukanmu masu sayarwa ne.

Da ruwa ya sauka maigida ya koma ƙauye don ya yi shuka. Aka ce masa sai ya biya 'yan bindiga kuɗin shiga gonarsa. Bai da su. Ya leƙa gidan, ya tarar ruwan farko ya fara cin katangun ɗakunan, ya juyo. Bai yi mini bayani mai tsawo ba. Ya ce dai, "Babu wurin komawa." A cikin wannan daminar Inna ta rasu, aka rufe ta cikin mutanen da ba ta taɓa sani ba. Bayan addu'ar arba'in ya bi wata motar dabbobi zuwa kudu neman aikin ƙarfi. Yakan kira a wayar maƙwabciya, wani lokaci ya aiko da ɗan abu, wani lokaci gaisuwa kawai.

Shekara na gab da cika, matar mai gidan ta yi sallama a ƙofata, tare da wata mata mai goyo. Ta ce baƙi ne daga wajen Burkusuma, suna son ganin ɗakin, ko da mu ba za mu iya sabuntawa ba. Ta faɗa tana kallon ƙasa. Na janye tabarma na ba su hanya.

Baƙuwar ta gaishe ni, ta dubi kusurwoyin ɗakin. Sai ta matso kusa ta tambaye ni a hankali, "Yaya, nan ana jin harbi?"

Na ce ana ji wasu ranaku, daga wajen gulbi.

Ta gyaɗa kai, ta gyara goyonta, ta tambayi matar mai gidan yaushe ne wa'adinmu zai cika.