Baba Ilu ya zare kilen mushe

Na dawo daga sallar azahar, na tarar da wayar Baba Ilu, tela maƙwabcin shagona, tana sharji a jikin odinatana, wato kwamfuta. Kilen USB, ɗan abin ajiye bayanai, na wani mushe, wato malamin makarantar boko, kuwa yana yashe kan tebur.

Rami ɗaya ya rage mai aiki a odinatan, shi ya sa na sayi ɗan abin nan mai baki huɗu: suri da kilaviye, wato linzami da allon rubutu, injin buga takarda, sai kilen mai kawo aiki. Mushen daga garin Waca ya taso da tambayoyin jarrabawar gobe a cikin kilen, in buga masa. Ana cikin kwashe su zuwa odinatan aka kira salla.

Na ce, "Baba, wa ya zare wannan?"

Ya ce, "Ni ne, ɗana. Ai sai da na duba. Sauran duk suna da igiya, aiki suke. Wannan ba igiya, zaman banza yake."

Na mayar da kile, ya ƙi buɗuwa. Mushe ya hau taksi hannu wofi, gobe sai alli da allo, in ya tuna tambayoyin.

Baba Ilu kuma har ya dawo yana ƙorafin wayarsa ba ta cika ba.

Sa'an mahaifina ne, ba dama in ɗaga masa murya. Ku masu maƙwabta irinsa, yaya kuke yi?