Ranar da Na Je Suna da Mota Mai Yaɓen Rumbu

Ana sallame sallar asuba muka tashi daga Kalgo, mu uku: ni, da uwar yarana, da maƙwabcina, wani tsohon direban babbar mota wanda ciwon ido ya sa ya ajiye tuƙi, amma bakinsa bai yi ritaya ba. Sunan jikana za mu, a wani ƙauye gaba da Gwandu inda ɗiyata ke aure. Haihuwar fari a gidana ta yi wanka, wannan ta biyu kuwa a ɗakinta, don haka mu ne da tafiya. Na gode Allah gari bai gama wayewa ba sa'ad da muka bar unguwa, don da 'yan majalisarmu sun ga motar da na fito da ita, da sun samu abin taunawa har babbar salla.

Bari in gaya muku mafari, kada ku ce na zautu.

Motata tsohuwa ce, ban ɓoye ba. Lokacin bikin ɗiyar nan tawa da ita na je ƙauyen, kuma a lokacin tsakuwar hanya ta gama cinye mata ƙasan ƙofofi, duk ta yi ɗigo-ɗigon tsatsa. Uban mijin ɗiyar, wani Alhaji manomin albasa mai baki kamar reza, ya zagaya ta hannuwansa a baya, ya dube ni a gaban jama'a ya ce, "Malam, wagga mota agana ta yi tana ƙarama?" Aka kwashe da dariya. Tun ranar sunana a ƙauyen nan Mai Zanzana. Mutane kan ce a manta da abin da ya wuce. Su manta. Ni ban iya ba.

Bana da na sayar da 'yar shinkafata ta rani, sai na kai motar wurin mai fenti a Birnin Kebbi. Ya kankare tsatsar, ya fesa mata shuɗi mai sheƙi, har ni kaina sai da na yi mata sallama da na gan ta. Amma ya ja mini kunne. Ya ce tsakuwa ba ta da abokin gaba kamar sabon fenti: taya ta ɗauko dutse ta harba, fenti ya ɓalle kamar ƙwayar gero, ruwa ya shiga, tsatsa ta kama, shi ke nan an koma gidan jiya. Ya ce akwai wani baƙin abu mai kamar roba da ake fesawa a ƙasan mota, akwai kuma wata leda garai-garai da masu hali ke liƙawa a kan fenti. Da ya faɗi kuɗinsu sai da na tambaye shi ko har da sabuwar mota zai haɗa mini. Abin da na iya kawai, na sa mai faci ya yanko mini tsohuwar taya ya rataya a bayan kowace ƙafa.

Maƙwabcina ne ya kawo dabarar. Ya ce a zamaninsu, in an ba su sabuwar mota za su shiga daji, laka suke shafe ƙasanta da ita, dutse ya bugi laka ya bar fenti, in an iso a wanke. Akwai wani dattijo mutumin Diggi da ke yaɓen rumbu a bayan layinmu, sai na kira shi. Na ce, "Baba, ka yi shi da kyau, kada ya zube a hanya." Ya ce an gama. Ya kwaɓa yumɓu da ƙaiƙayi, ya bi motar tun daga tsakiyar ƙofofi har ƙasa, da bambar gaba, da bayan tayoyi. Ya shafe da tafin hannu sumul, har da ɗan zanen yatsa a gefe, wai don ado. Ta sha rana ta bushe ƙam. Shirina shi ne, akwai wani tafki dab da ƙauyen, nan zan tsaya in wanke ta tas, in shiga gari da shuɗina yana walƙiya, in ga ta inda bakin Alhaji zai fito.

Daga Kalgo zuwa Birnin Kebbi kwalta ce, ba wata wahala. Fadama ta yi kyau bana, masu yankan shinkafa har sun fara fitowa da lauje a kafaɗa. Mun tsaya gidan mai, mai zuba man ya leƙo ya dube mu, ya sake duban motar, ya ce, "Baba, daga gulbi aka ciro ta?" Na ce masa ya zuba abin da aka aiko shi. Kuɗin mai kuwa kada ma mu tayar da zancen, kuna sani ina sani. Allurar mai ta ɗan motsa kamar mai jin kunya, aljihu ya yi fayau.

A bakin hanya uwar yara ta sayo mana ƙosai. Jama'a, ƙosai ya rame. Wanda muka sani da, guda uku ka sha ruwa ka gode Allah. Na yanzu sai ka jefa biyu a baki kana neman inda suka shiga. Amma yajin mai ƙosan ya yi daɗi, gaskiya ɗaya ce.

Muka miƙi hanyar Gwandu gari na ta haske. Kaka ta yi albarka ta wannan gefen, ko'ina dammunan gero a jingine, amalanken shanu na tafe a hankali kamar su suka shimfiɗa titin. Wajen Kambaza muka ci karo da garke yana tsallakawa, muka jira har ɗan maraƙin ƙarshe ya ga dama. Masu albasa kuma sun duƙufa a kan irinsu, ana ta ban ruwa. A Gwandu na tsaya na sayi goro don kada in shiga hannu rabbana. Mai goron ya rantse mini da hasara yake sayarwa. Duk ɗan kasuwar ƙasar nan da hasara yake sayarwa, amma kullum shi ke sake gini.

Bayan Gwandu muka sauka daga kwalta muka kama burji, inda ake ta zuba tsakuwa ana gyara. Nan ne filin daga. Tifofi na ta kai da kawowa, kowace ta wuce sai ta watso maka duwatsu kamar ana jifan shaiɗan. A da, in na bi irin hanyar nan, ƙarar da nake ji a jikin ƙarfe tas! tas! har cikin haƙorina take shiga, don na san kowace ɗaya tabo ce. Ran nan kuwa sai dib, dib, kamar ana jefa goriba a yashi. Wallahi ban san lokacin da na fara murmushi ba. Wata tifa ta taho a guje, na rage gudu na raɓe, ta yi mana ruwan tsakuwa, laka ta shanye. Maƙwabcina ya gyara zama, ya shiga ba mu labarin yadda shi ya koya wa rabin direbobin ƙasar nan tuƙi. Na ƙyale shi, ranarsa ce.

Muka iso tafkin rana ta fara ɗagawa. Na naɗe hannun riga, na ɗebo ruwa a bokiti na sheƙa. Ruwan ya gangare kamar an zuba wa agwagwa. Na ƙara. Haka. Na sa tsumman buhu na dirza har kafaɗata ta amsa, yaɓen nan ko gezau, sai ma wani sheƙi da ya ƙara. Maƙwabcina ya kira dattijon a waya ya sa muryar a fili don mu ji.

"Baba, mi ka zuba cikin lakar nan?"

"Makuba mana."

Wanda bai sani ba, makuba ruwan ɓawon ɗorawa ce, ita magina ke sawa don kada ruwan sama ya wanke yaɓe.

Na karɓe wayar na ce, "Baba, wanke ta fa za ni yi!"

Ya ce, "To kai ka ce kada ya zube. Ni aikina ba ya zubewa. Wanga sai ya ga damina uku."

Na tsaya riƙe da bokiti. In na samo icce na bi a hankali ina ɓamɓara don kada in karce fenti, aikin hantsi guda ne. Ga shi an ce mana da sassafe za a raɗa suna. Uwar yara ta fito daga mota, ta ɗora ƙullin kayan jegonta a ka, ta ce, "Malam, suna munka zo ko wanki? Ni na yi gaba, in ka gama ka gaida kwaɗi." Ta kama hanya da ƙafa, ko waiwaye babu.

Na dubi motar, na dubi bayan matar nan. Shekara da shekaru ina jiran ranar da zan rufe bakin mutum ɗaya, ga ranar ta zo, ga ni da rumbu mai taya huɗu. Na yi tsaki, na jefa bokiti a but, na tayar. Muka cim mata a gaba, muka ɗauke ta.

Ƙofar gidan cike da maza a kan tabarmi. Ina tsayawa hira ta ɗauke. Alhaji ya taso da babbar rigarsa, ya zagaya motar, hannuwa a baya, daidai yadda ya yi wancan karon. Ya ce, "Lale da mutanen Kalgo! Malam, hatsi ka kawo muna har da rumbun?" Dariya ta ɓarke, har da liman yana rufe baki da rawani. Na ce a raina, shi ke nan, Mai Zanzana ya mutu, Mai Rumbu ya gaje shi. Na samu gefen tabarma na zauna fuska a murtuke.

Ko gama gaisawa ba mu yi ba aka raba goro da dabino, liman ya yi addu'a, aka shafa. Sai sanƙira ya miƙe ya ɗaga murya ya faɗi sunan yaro. Sunana. Na ɗauka kunnena ne, sai da ya maimaita, na ga duk an juyo ana kallona. Alhaji ya matso ya dafa gwiwata ya ce, "Ni na ce a ɓoye maka. Na tsare liman tun ɗazu, ga shi ana jiransa wani ƙauye. Da ka ƙara jinkiri kaɗan, da a bakin mata za ka ji takwaranka." Na sunkuyar da kai ina ta ɓare goron da ban da niyyar ci.

Da aka shigar da ni cikin gida, ɗiyata ta miƙo mini shi tana sunne kai, ta ce, "Baba, ga Abba." Yaro jawur, ya ƙulle hannu, ya ɓata fuska kamar an ci bashinsa. Uwar yara ta ce ba sunan kaɗai ya ɗauko ba.

An ci an sha, ba laifi. Masa da miyar taushe da safe, da rana tuwon shinkafa, ga fura da nonon da Fulanin gefen garin suka kawo, mai kauri, ba irin ruwan alli da ake sayar mana a gari ba. Bayan azahar Alhaji ya kasa haƙuri, ya je ya ƙwanƙwasa yaɓen da sandarsa. Wani ɓallin kamar tafin hannu ya faɗo daga ƙofar baya. Shuɗin nan ya leƙo, sumul, ko ƙwarzane babu. Ya duƙa har ya ga hularsa a ciki. Motarsa kuwa, wadda bara-bara ya saye ta, tana nan gefe a ƙarƙashin dalbejiya, ƙasanta duk ya yi ɗigo-ɗigo. Na nuna ta da haɓa na ce, "Alhaji, taka fa, ƙyanda ce ko agana?" Ya yi dariya har da tari. Ni ma na yi. Rabon da in yi irinta na manta.

Ya ce a kira matasa su ɓamɓare sauran, kowa ya ga fentin. Har na ce to, sai maƙwabcina ya ce, "Ku dakata. Ta sama za mu koma gida?" Sai a lokacin abin ya faɗo mini. Duk shirin da na yi, na zuwa ne. Ban taɓa tuna cewa tsakuwar da ta tare ni da safe tana nan tana jirana da yamma ba. Da wankin tafki ya yiwu, da tsirara zan maido ta cikin tifofin nan.

Da la'asar muka juyo, but cike da albasa da cinyar rago. Dib, dib, har muka hau kwalta. Mun shigo Kalgo ana kiran magariba. Na jiƙa buhunan algarara na lulluɓe yaɓen ya kwana, da safe ya riƙa saki kamar ƙanzo. Duk inda laka ta rufe lafiya lau. Tabo ɗaya na samu, sama da inda yaɓen ya tsaya, kusa da marfin tanki. Na sa mai fenti ya ɗiga masa kafin ruwa ya gan shi.

Abin da tafiyar ta koya mini kaɗan ne. Robar bayan taya tana aiki, ku sa. In tifa ta taho, rage gudu ka ba ta wuri, ba sa'arka ba ce. Mai hali ya sayi abin fesawarsa da ledarsa, ni ban hana ba. Wanda zai bi tawa dabarar kuma, ya gaya wa magini gobe za a wanke, don shi abin da ka faɗa yake ji, ba abin da ke ranka ba.

Shekaranjiya Alhaji ya kira ni, bayan doguwar gaisuwa ya yi ƙasa da murya ya ce, wai dattijon nan na Diggi yana zuwa aiki nesa? Na ce sai na duba. Na ji kuma har yanzu Mai Rumbu suke ce mini a can. Su yi ta faɗa. Sunana na gaskiya yana ƙauyen, kwance a bayan ɗiyata, kuma duk ranar da ya fara tafiya sai sun kira shi da bakinsu.