Ranar da Ƙanwata Ta Nitse a Gaban Kyamara

Shekarun da ƙanwata ta fara fitowa a fim, ni ke raka ta duk inda za a yi aiki. Kamfanin ƙarami ne, na wasu samari a Badariya, kyamara ɗaya gare su da motar haya. Darakta kan faɗi maganganunta in rubuta da ajami, mu yi ta bita a zaure har ta haddace.

A fim ɗinta na huɗu aka kai mu Argungu. Za ta fito a matar masunci da ta faɗa gulbi daga jirgi tana kiran mijinta. Ba ta iya ruwa ba, don haka aka auna wurin da sanda, iya ƙirji. Sau biyu tana faɗawa masuntan da ke kallo suna tsunduma su ciro ta, aiki ya lalace. Darakta ya fusata.

"Don Allah baba, wasa na! Kowa shi tsaya sai na ce a yanke."

Wani tsohon masunci mai goran iyo a hammata ya ce, "To, ɗiyarku ta. Mun ɗauke hannu."

A karo na uku jirgin ya ɗan gusa, ba wanda ya lura. Ta faɗa. Kanta ya ɓace, ya fito, ya sake ɓacewa. Mai kyamara sai madalla yake yi. Da ta sake ɗagowa na ji ta ce, "Yaya!"

Da hannuna na rubuta takardar maganganunta. Babu yaya a cikinta.

Ni ma ban iya ruwa ba.  Sai na cafki rigar tsohon.

"Baba, wallahi da gaske na!"

Sai ya juya ya dubi darakta, yana jiran izini. Har yau idan na tuna wannan dubi jikina yakan yi sanyi. Na girgiza shi, sannan ya jefa goransa ya bi ta.

Daga wani rami ya jawo ta. Aka kifa ta a gaɓa ana danna bayanta, ina durƙushe ina kiran sunayen Allah. Ta daɗe ba motsi kafin ta yi aman ruwa, ta yi tari, ta kama yatsana ta riƙe gam.

Allah ya yi da sauran kwananta. Ta ƙara finafinai da yawa, kuma wannan wurin masu kallo suka fi yaba mata. Ni ban taɓa iya kallonsa ba.